Hanyar masu yunwa: abin da na gani a gaɓar tekun Faransa

A shekarar 2018 aikin malamin gona ya kai ni horo a kudancin Faransa. Da aka gama, wani tsohon abokina na lakwal da ke zaune birnin Nis ya rantse ba zan koma gida ba sai na kwana bakwai wurinsa. Da na dawo Galma, duk wanda ya zo yi mini barka da zuwa tambaya guda yake yi: "Malam, wai da gaske ne akwai ƙasar da mutane ke biyan kuɗi don su kwanta cikin rana?" Nakan ce da gaske ne, a yi dariya a watse. Amma akwai abin da na gani can wanda ya daɗe yana cina a rai, kuma yau nake son in fitar da shi.

Yankin da ake kira Côte d'Azur, wato gaɓar shuɗin ruwa, yana bakin tekun Bahar Rum, ya miƙa har iyakar Italiya. Gani ya kori ji: kyaunsa ba ƙarya ba ne. A Nis na yi mamakin ganin babu rairayi bakin ruwa, sai tsakuwa mai sulɓi, kuma a kanta wani otel ya nemi yuro 25, fiye da jikka goma sha shida, don hayar katifar yini ɗaya. Na ce masa na gode, tabarmar gidanmu na jirana. A kasuwar Saleya na ci wani burodi da aka lulluɓe da soyayyar albasa, abincin da mutanen garin ke taƙama da shi, na ce a raina: da sun ɗanɗana albasar fadamar Tarka da sun san an bar su baya. Mun shiga jirgin ƙasa zuwa Kan, inda ake bikin fina-finai tun 1946, na ga matakalar da taurari ke hawa. Mun je Monako, ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2 ba sai da kaɗan, inda doka ta hana ƴan ƙasa shiga gidan caca, baƙi kawai ake tatsa. Mun hau tudu zuwa Giras, garin turare, wanda asalinsa garin majema ne: warin jima ne ya sa suka fara shafa wa safar hannu ta fata ƙamshi.

Duk wannan kallo ne, ana yi ana mancewa. Abin da ya tsaya mini shi ne wata hanya. A Nis akwai babban titi da ke bin bakin teku, tsawonsa wajen kilomita 7, ga itatuwan dabino, ga kujeru shuɗɗa, ana ce masa Titin Yawon Ingilishi. Wata maraice muna tafe na tambayi abokina dalilin wannan suna. Ya ce a farkon shekarun 1820 an yi wani sanyi mai tsanani da ya ɓata amfanin gona, talakawa suka cika gari da bara. Turawan Ingila masu arziki, waɗanda ke zuwa nan suna gudun hunturun ƙasarsu, sai suka tara kuɗi ƙarƙashin wani limamin coci mai suna Lewis Way, suka ɗauki mabukatan aiki su share hanya bakin ruwa. A 1824 aka gama ta, ƴar siririya. Ita ce ta zama titin da duniya ke zuwa gani.

Ina jin haka na tsaya cik. Ya ɗan'uwa mai karatu, in kai ɗan Adar ne, ka riga ka san inda hankalina ya tafi. Goggona, ƙanwar mahaifina, tana aure wani ƙauye kusa da Tamaske lokacin yunwar 1984, wadda aka laƙaba wa El-Buhari. Maza sun watse bida, wasu Najeriya, wasu Abijan. A wannan shekara ce aka buɗe foroje na Keita, da kuɗin Italiya, da ma'aikatan hukumar FAO, da cimakar hukumar PAM. Aiki ne a biya ka da abinci, kuma mafi yawan masu yinsa mata ne. Goggo ta yi shekaru tana ɗaukar dutse a ka, goyo a baya, suna jera gandari bisa fako, suna haƙa ramuka jikin tsauni, suna datse ƙoramu. An dasa miliyoyin itatuwa, an maido da dubban eka na ƙasar da kowa ya yanke mata ƙauna. Ina yaro nakan ji tafin hannunta kamar bawon gawo. Ashe matan Adar da mabaratan Nis sana'arsu ɗaya: yunwa ta ba su aiki, aikin ya wuce yunwar ya zauna.

Daga ranar na soma kallon gaɓar nan da wani ido. Tsaunukan bayan Giras cike suke da katangun dutse marasa siminti, hawa bisa hawa, don tare ƙasa da ruwa a shuka zaitun. Wannan ai gandari ne, ko da wane suna suka ba shi. Kan kanta ƙauyen masunta ce har 1834, lokacin da dokar hana yaɗuwar kwalara ta tare wani babban mutumin Ingila, Lord Brougham, a kan hanyarsa ta zuwa Italiya, ya sauka nan, wurin ya yi masa, ya gina gida, abokansa suka biyo shi. Sunan Côte d'Azur ma wani marubuci ne, Stéphen Liégeard, ya raɗa shi a 1887. Kafin nan ƙasa ce ta duwatsu da talauci, kamar wadda na sani.

Ba na yaudarar kaina. Ba mu da teku, ba mu da attajiran Ingila, kuma rashin tsaro ya daɗe da korar baƙin da ke ratsa Tawa zuwa Agadas. Ba kuma na fatan Keita ta zama wurin da mai share ɗaki ba ya iya biyan hayar garin da yake aiki, kamar yadda na gani a Kan. Bambancin da ke damuna wani ne dabam. Su sun riƙe labarin aikinsu: sun ba shi suna, suna gyara shi, ɗan lakwal ya san wanda ya fara shi, har UNESCO ta sa Nis cikin kayan tarihin duniya a 2021. Mu fa? Ɗan Madawa ya san sunan ƴan ƙwallon Monako, amma bai taɓa tsayawa cikin layukan bedi na kwarin Majiya ba, waɗanda aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE don tare iska, har masana daga ƙasashe suka riƙa zuwa koyo. Na ga gandarin da ruwa ya fasa ba wanda ya maida dutse ɗaya, domin a ganin mutane kayan foroje ne. Abin da ba ka ɗauka naka ba, ba ka yi masa gyara.

Shi ya sa nake roƙon daraktocin lakwal da magadan gari na Madawa, Buza da Keita: bayan girbi, lokacin da tabkuna ke cike kuma iska ta yi sanyi, a haɗa kuɗin mota guda a kai yara su ga aikin kakanninsu. A nemi tsofaffin matan da suka rage su yi bayani da bakinsu, tun ba su ƙare ba. Ma'aikatanmu na Yamai da ke mafarkin hutu a Turai, su fara da kwana biyu a gida. Buɗe ido ba sai da biza ba.

Ni dai na gwada. A kakar 2019 na ɗauki ƴaƴana uku muka bi hanyar Buza har Tamaske. Goggo ta tsufa, sai da sanda, amma ta ce a kai ta. Ta tsaya gindin wani tsauni da ƙayoyi suka rufe, ta nuna wani layin duwatsu da haki ya kusa binnewa, ta ce: "Daga nan zuwa can, mu bakwai muka yi shi." Autata ta tambaye ta nawa aka biya su. Ta yi dariya ta ce: "Hatsi da mai, kuma tuni muka cinye." Yarinyar ta sunkuya ta ɗauki wani dutse da ya gangaro, ta maida shi mazauninsa.

Goggo ta rasu bayan shekara biyu. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan abokan aikinta, mu kuma ya ba mu idon ganin abin da suka bar mana.