Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka



Ina aji huɗu a firamare iskar farkon damina ta kwashe rufin ajinmu, bango ɗaya ya faɗi. Shekara biyu muka yi muna karatu a gindin darbejiya. Da hadari ya haɗo, sai malam ya sallame mu. Iyayenmu suka je ƙaramar hukuma, aka ce aikin hukumar ilimi ne. Suka je can, aka ce a jira kuɗi daga sama.

Sai da na girma na gane wannan "sama". Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko. Amma UBEC ba ta sakin kuɗin gini sai jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. In ba ta ajiye ba, kuɗi na kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa.

Ba mu samu sabon aji ba sai da aka zauna tare. Ƙaramar hukuma ta sayi siminti da kwano, hukumar ilimi ta biya magina, iyaye suka kawo yashi da ruwa.

Yau ƙanwata tana makarantar, sun haura ɗari a aji ɗaya. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To mu tambayi kansilolinmu: yaushe za ku zauna da hukumar ilimi, kuma aji nawa za a gina bana?

Ku fa, yaya makarantar unguwarku take?