Tsakanin Dariya da Tausayi a Dandalin Wasa

Malamin adabi a kwalejin Agye ko ta Gazawa yakan gamu da cikas idan darasi ya kawo shi kan wasan kwaikwayo. Littafin Faransanci ya raba wasa gida biyu, na ban tausayi irin na Rasin da na ban dariya irin na Moliyer, sai ɗalibai su ɗauka cewa iyakar zancen ke nan: a ɗaya ana kuka, a ɗaya ana ƙyaƙyatawa. Wannan awo bai kai ba, domin sau da yawa wasan ban dariya yakan ɗauki magana mai ɗaci ƙwarai.

Abin da ya raba su shi ne ko ɓarnar da aka yi tana gyaruwa. A wasan ban dariya, marowaci ko mai auri-saki ko ɗan kasuwa mai algus yakan tafka abin kunya, asirinsa ya tonu, a kai shi gaban mai gari, a yi masa faɗa, a sasanta, kowa ya koma gida. Haka akasarin wasannin samariya suke ƙarewa a zamanin Seyni Kunce, tsakanin 1974 da 1987, kuma a wannan fage ne Yazi Dogo ya yi suna. Tushen abin ya girmi samariya nesa ba kusa ba. Yaran tashe a watan azumi da ƴan kama masu kwaikwayon malamai sun daɗe suna faɗa wa manya gaskiya cikin raha, ba wanda ya ce musu kanzil.

Wasan ban tausayi bai san sulhu ba. Tun zamanin Girkawa, Aristotal ya bayyana shi da cewa labari ne na babban mutum, wanda ba mugu ba ne, ba kuma waliyyi ba, da wani kuskure nasa ya kai shi ƙasa, har mai kallo ya ji tausayi da tsoro tare. Babu alƙalin da zai mayar da abin da ya zube.

A nan ne ƙungiyoyin al'adu ke yawan ruɗewa. Sukan shirya wasa kan auren wuri, yarinya ta rasu wurin haihuwa, uba ya yi nadama, wani ya fito ya yi wa jama'a gargaɗi. Aiki ne mai amfani, amma sunansa wasan faɗakarwa. Tun farko an nuna wa mai kallo mai laifi, an kuma ba shi magani a hannu, ya tashi hankalinsa kwance. Wasan ban tausayi na ainihi yakan bar mutum yana juyayi, domin ɓangarorin biyu kowanne na da tasa hujjar.

Irin wannan labari kuwa bai yi ƙaranci a ƙasar nan ba. Tsibirin Gobir, a cikin gundumar Gidan Rumji, gari ne da aka kafa bayan faɗuwa. A yaƙin Gawakuke na 1836 aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda, daga baya Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa a Tsibiri. Kafin su akwai Yunfa, wanda ake cewa ya yi karatu a gaban Shehu Usmanu, ya hau gadon sarauta, ya yi yaƙi da malaminsa, ya mutu a Alƙalawa a 1808. Sarki ne da ke kare gadon kakanninsa, a gabansa kuma ga malamin da ya san darajarsa. Marubucin wasa ba ya neman abin da ya fi wannan. A Damagaram, André Salifou ya riga ya gwada irin aikin da wasansa na Tanimun, sai dai da Faransanci ya rubuta.

Me ya sa labarin Yunfa ya fi zama a bakin maroƙa da makaɗan fada? Dalili ɗaya a fili yake: jikokin ɓangarorin biyu suna nan da rai da sarauta, kuma kirari yabo ya sani, ba ya tsayawa kan kuskuren sarki. Ƙungiyar da za ta ɗora Yunfa a dandalin Tsibiri sai ta nuna shi da ƙarfinsa da rauninsa, ta nuna Shehu da mutuncinsa, a gaban ƴan kallon da kowannensu ya san gidan da ya fito.