Yadda jirgin ruwa yake tafiya bisa tudu zuwa Madarunfa

Garin Madarunfa yana kudu da Maraɗi, wajen kilomet 25. Kusa da garin akwai babban tabki. Da damana gulbin Gabi yana kawo mashi ruwa, ya cika ya bazu cikin fadama. Da rani sai ya ja baya, ƴan lambu su bi sawunshi da shuka. Kukoki da gawo suna tsaye kewaye da shi. Masu ziyara suna zuwa dan kaburburan waliyyai 99. Cikin shekara ta 2019 aka sa tabkin cikin jerin ruwayen duniya da ake karewa, wanda ake ce ma Ramsar.

Cikin tabkin akwai karfasa da tarwaɗa. Masunci mai gora yana ɗaukar gorarshi ga kai ya taho da ita bakin ruwa. Amma jirgi ba shi ɗaukuwa ga kai. To, wanda ya sayi jirgi wani gari, ta ina zai biyo da shi?

Wani zai ce: ta gulbin Maraɗi mana. Sai dai gulbin ba kullum yake da ruwa ba. Yana tasowa daga Najeriya, ya yi gudu da damana, sauran watanni rairayi ne. In kuwa ya cika, ba a wasa da shi: cikin shekara ta 1945 ya cinye tsohon garin Maraɗi, har mutane sunka koma bisa tudu. Dan haka jirgi dole ya bi hanyar da buhun hatsi yake bi, cikin kamyo ko bisa amalanke.

Ba yau aka fara wannan ba. Cikin shekara ta 1897 wani Bafaranshe, Emil Janti, ya kai jirgin ƙarfe tabkin Cadi. Kwance shi aka yi gunduwa-gunduwa, ƴan dako sunka ratsa daji da shi ga kai, kana aka sake haɗa shi bakin kogi. A Turai kuma akwai ƙananan jirage masu tafiya da iska. Ana ɗaura masu zane bisa dogon icce. In za a kai su wani ruwa, sai a kwantar da iccen, a naɗe zanen, a aza jirgin bisa amalanken ƙarfe, mota ta ja.

Kamyo ko amalanke?

Kamyo yana da sauri, amma kuɗin hayarshi sun fi yawa. Masunta biyu ko uku suna iya haɗa kai su ɗauki mota guda. Kafin a aza kaya, a gama ciniki gaban shaidu. A faɗi inda za a sauke, bakin tabki ko cikin gari. A faɗi wanda zai biya in jirgi ya fashe. Direba in ya ga laka ba shi shiga, sai ya aje kaya nesa da ruwa.

Amalanke yana da arha, kuma yana kai har bakin ruwa. Amma shanu ba su wuce kilomet 3 ko 4 cikin awa guda. Daga Maraɗi ke nan tafiyar wajen awa 7 ce, ban da hutu. Wanda ya tashi da asuba ya fi wanda ya jira hantsi.

Yadda ake ɗauri

Jirgi ya fi amalanke tsawo, nan ne wuyar take. In nauyi ya rinjaya baya, karkiya ta ɗaga ta shaƙe shanu. In ya rinjaya gaba, ya danne masu wuya har su yi gyambo. Sai a daidaita tsakiyar jirgi bisa ƙafafun amalanke, gaba ta ɗan fi nauyi kaɗan.

Ƙarƙashi a shimfiɗa tsofaffin tayoyi ko buhunan ciyawa, dan kada katako ya dinga bugun ƙarfe. A ɗaure da igiya wuri uku: gaba, tsaka da baya. Ban da waya, dan tana cin katako. Kada a cika jirgin da hatsi ko mutane. Cikin ruwa, ruwa ne yake tallabe shi ko'ina. Bisa amalanke tsakiya kaɗai ke da madogara, in an ƙara nauyi sai ya tsage.

Rana ma abokiyar gaba ce. Katako in ya bushe yana tsukewa, mahaɗa ta buɗe. A lulluɓe jirgin da jiƙaƙƙun buhu ko tabarma, a riƙa yayyafa ruwa. Wutsiyar da ta fito baya a ɗaura mata jan ƙyalle dan masu mota su gani. Bayan an ɗan taɓa tafiya a tsaya a ƙara jan igiya. Kada dare ya yi ma amalanke bisa kwalta ba fitila.

Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan kaka. Hanyar fadama ta bushe, an kwashe amfanin gona, tabki kuma yana cike.

Bakin tabki

In jirgin tsoho ne da ya yi aiki cikin wani ruwa, a wanke shi nesa da tabki, a cire duk ciyawar da ta maƙale. Irin kacalla yana bin jirgi, in ya kama wuri yana toshe ruwa, ya hana su da ban-ruwa.

Kada a yi gaugawar shiga. A nutsa jirgin bakin gaɓa kwana biyu ko uku, katako ya sha ruwa ya kumbura. Inda ya ci gaba da yoyo, a fid da shi ya sha iska, a cusa tsumma, a shafe da kwalta. Gwajin fari a yi shi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kuma ban da yara. Kafin jefa taru, a je wurin sarkin ruwa da ma'aikatan gandun daji dan sanin dokar tabki da takardar izinin su.

Masunci da yawa bashi ya ci ko bisashe ya sayar kafin ya samu jirgi. Kuɗin shekara ne ke tafiya bisa amalanken nan, kuma rai ne zai shiga ciki. Masu amalanke da masunta, ku karanta ma ƴan uwanku wannan labari ran kasuwa.