Hayaƙin Da Ya Tona Mana Asiri

Shekara uku muka yi muna zaman doya da manja da wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa a allon gaban motarmu. Motar tokumbo ce, daga Amurka ta fito, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas. Ranar da fitilar ta fara kamawa, wani bakanike ya ce ai haka motocin Turawa suke da tsegumi, ya yanko baƙin salatif ya liƙe mata baki. Muka biya shi har da godiya.

Ana nan, sai aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, albashin malamin jami'a ya koma ba ya kai wata. Duk ranar da muka sami abin sayen mai, mukan tsaya a kan mai sayarwa, ko famfo ya katse mu ce ya ƙara, har mu girgiza motar don ta haɗiye. Muna ganin dabara muke yi. Ba mu farga ba sai wata safiya, a hanyar makaranta, da 'yar autarmu ta toshe hanci ta ce, "Baba, motar nan warin fetur take, kaina yana ciwo." Muka duba ƙarƙashin mota, ko ɗigo babu.

Wani abokin aiki ya haɗa mu da wani matashin bakanike a bayan unguwar Sabo. Ya ɓare salatif ɗin, ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari, sai ga lamba ta fito: P0442.

"Malam," in ji shi, "mai ba ya zuba, numfashinsa ne ke gudu."

Ya zaunar da mu kamar ɗalibi. Fetur, in ya ji zafi, yakan zama tururi. Tun wajen 1971 dokar Amurka ta hana a bar tururin nan ya fice daga tanki, don yana gurɓata iska, kuma akwai sinadarin benzin a cikinsa mai cutar da jini. Saboda haka aka yi masa tiyo zuwa wani gwangwani cike da gawayi mai tsotse shi. In inji ya ɗumama, wani bawul ya buɗe, a ja tururin a ƙone shi tare da mai. Daga 1996 kuma aka wajabta wa motocin can kwamfutar da ke lura da irin wannan, har takan gane hudar da faɗinta bai wuce milimita 1 ba.

Da murfin tanki ya fara, domin sau da yawa robarsa ce ke bushewa. Lafiyarta ƙalau. Sai ya rufe bawul ɗin shan iska, ya tura farin hayaƙi a hankali cikin tiyo daga wata 'yar na'ura, ya ce ba a kusantar wannan aiki da wuta ko sigari. Muka durƙusa tare da tocila a gefen tayar baya. Can sai ga wani siririn zare na hayaƙi yana fita daga tsagar da ido ba zai taɓa gani ba. Gani ya kori ji. Da ya kwance gwangwanin kuwa, sai ya ji shi da nauyi, gawayin ya jiƙe sharkaf.

"Malam, kuna yin ciko bayan famfo ya katse?"

Muka yi shiru. Tsagar dai tsufan roba ne, amma gawayin mu muka kashe shi da hannunmu, kuma kuɗin sabo ya ninka abin da muke zaton muna tarawa.

Mu da muke koya wa ɗalibai su saurari abin da marubuci ya faɗa a kaikaice, mun kasa sauraron fitilar da ke faɗa mana gaskiya ƙiri-ƙiri, yarinya kuma tana shaƙar sakacinmu kullum a kujerar baya. Yanzu famfo na katsewa muke cewa ya isa, mu murɗa murfi sai ya yi ƙara. Salatif ɗin nan kuwa mun manna shi a bangon littafin da muke shiga aji da shi.