Daga Gazawa Zuwa Gidan Rumji, da Tsayuwar Agye

Ɗaurin aure ne ya tashe mu zuwa Gidan Rumji, ni da kawuna, amma motar da za ta kai mu tana kwance a wani gareji a Agye. Tsohuwar Toyota Corolla ce mai kabirato. Ta yi zafi a hanyar Tasawa har juwan ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Aka cire kulas, murfin kan injin ke nan, aka kai Maraɗi aka goge fuskarsa ta daidaita, aka wasa supap, aka dawo da shi. Don haka motar haya muka shiga daga Gazawa bayan sallar asuba.

Lokacin an gama girbi, hunturu ya fara busawa. Ta kowane gefen titi gawo ya yi kore shar, shi da yake zubar da ganye da damina. Wanda ya san gonakin nan a shekarun 1980 zai gaya maka ƙeƙasassu ne, sassaben zamani ya dawo musu da itace, domin manoma sun daina tumɓuke kututture, sai su bar masa reshe biyu ko uku ya tashi. Ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kan wannan. A bakin garin Agye kuma buhunan aya ne jibge ana jiran manyan motoci.

Mun tarar an gama haɗa injin tun daren jiya, amma ya ƙi tashi. Yara sun tura har sun gaji, batir ya sauka. Saurayin da ya yi aikin ya riga ya sa an sayo sababbin buji, yanzu kuma yana cewa dimarar ce. Abin da ke ci mini rai da irin wannan gyara shi ne, kowane zato kuɗi ne daga aljihun mai mota, ga shi ba a tabbatar da komai ba. Kawu ya ce a jira maigidan garejin.

Dattijon ya zo a kan tsohon babur. Bai taɓa ko kile ba sai da aka aro batir, ya ce a murza makulli, ya karkata kunne. Injin ya juya da sauri, sakayau, babu wannan nishin da yake yi idan yana matse iska.

"Alhaji, dimararka lafiyarta lau," in ji shi. "Wannan motar numfashi ne ba ta riƙewa."

Duk da haka bai yi tsalle ba, ya bi abin daki-daki. Ya zare wayar buji ya kusantar da ita jikin ƙarfe, wuta ta yi tsalle shuɗiya. Ya leƙa kabirato ya taɓa totur, isansi ya feso. Ya bi wayoyin daga dilko yana ƙirgawa, 1, 3, 4, 2, tsarin da silinda huɗun suke kama wuta, ya sami biyu a sarƙe ya mayar da su. Aka murza, shiru. Sai ya buɗe murfin kurwa ya juya injin da hannu har alamar ƙasa ta hau kan sifili, ya duba ta sama. A nan ya tsaya ya yi wa yaran bayani: ƙarfen ƙasa yana zagaye biyu kafin na sama ya yi ɗaya, saboda haka fistan na farko yana hawa ƙololuwa sau biyu, ɗaya na matsa iska, ɗaya na fitar da hayaƙi, wanda ya rikita su zai kai wuta inda babu abin ƙonawa. Alamomin sun yi daidai.

Daga nan ya cire buji ya toshe ramin da babban yatsansa, ya ce a murza. Iskar da ya kamata ta ture yatsan ba ta zo ba. Ya kalli saurayin.

"Ɗana, da aka dawo da kulas ka sake auna supap?"

"A'a, Maigida. Yadda suke na mayar."

Ashe nan take. Supap ɗin da aka wasa yakan ƙara nutsewa a mazauninsa, sai 'yar tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke danna shi ta ɓace, ya kasa rufewa ruf. Tazarar ba ta kai rabin milimita ba, amma idan babu ita iska za ta sulale. Dattijon ya miƙa wa saurayin siraran ƙarafan awo ya sa shi ya yi da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kansa. Ban ji ya ɗaga masa murya ba, kuma wannan ya burge ni ƙwarai. Da aka murza, motar ta yi tari, ta tofar da farin hayaƙi, ta kama. Ya bar ta ta yi zafi yana kallon ruwan radiyata ko zai yi kumfa, sannan ya gargaɗi Kawu kada ya matsa mata, ya kuma dawo da ita a sake duba ƙusoshin kulas ɗin.

La'asar sakaliya muka bar Agye. A Cadawa muka tsaya Kawu ya duba allurar zafi muka sayi tsire, Maraɗi kuwa ratsa ta kawai muka yi. Magariba ta same mu a Tibiri, garin da Gobirawa suka kafa a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir yake zaune har yau. Daga nan titi yana bin kwarin Gulbin Maraɗi, sanyin lambuna yana shigowa ta taga, Kawu kuma bai wuce 60 ba duk da manyan motocin Yamai da ke ta yi mana oda. Ana kiran isha'i muka shiga Gidan Rumji, ƙanen ango yana jiranmu a bakin tasha, ya shiga gaba ya nuna mana hanyar masauki.