Mashi da Lance

Yaron da aka haifa a unguwar Hausawa ta New Bell, ko a Ndogpassi, cikin birnin Duwala, yakan tashi da harshe biyu a baka: Hausa a gida, Faransanci a makaranta. Sau da yawa yakan san kalmar lance kafin ya ji ta mashi, alhali kuwa tun asali abu ɗaya suke nufi.

A zamanin kakanninsa fatake, waɗanda suka gangaro daga arewa zuwa bakin teku, mashi ba abin wasa ba ne. Da shi ake yaƙi, da shi ake farauta. Yau kuwa an fi ganinsa a hannun mahaya ran hawan salla a Kano ko Garwa, ya zama ado.

Faransawa sun gāji lance daga lancea ta Romawa, kalmar kuwa ta yi 'ya'ya. In gobara ta tashi a kasuwa, bakin mesar da 'yan kwana-kwana suke feshin ruwa da shi, sunansa lance. 'Yar wuƙar da likita yake tsaga maruru da ita, kamar yadda wanzami yake yi da aska, ita ce lancette, wato ƙaramin mashi. Sunan wannan wuƙa mujallar likitoci ta Ingila, The Lancet, ta ɗauka a 1823. Ashe sunan makamin kisa ya koma kan abin kashe wuta da abin fid da mugunya.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki ba zai yi mamaki ba. Saul ya jefi Dawuda da mashi saboda kishi (1 Sama'ila 18). Daga baya Dawuda ya iske shi yana barci, mashinsa a kafe a ƙasa wajen kansa. Abishai ya roƙa a bar shi ya soke shi sau ɗaya tak. Dawuda ya ƙi. Ya ɗauki mashin da butar ruwa, ya haye can nesa, ya yi kira a aiko a karɓi mashin sarki (1 Sama'ila 26). A kan gicciye kuma, da soja ya soki kwiɓin Yesu da mashi, jini da ruwa suka fito (Yahaya 19:34), daga raunin nan masu bi suke ganin gafara.

A New Bell, Bahaushe da Bamileke da Basa suna zama katanga ɗaya, famfo ɗaya. Ba mai yawo da mashi, amma kowa yana da harshe, magana kuwa zarar bunu ce. Ran da maƙwabcin da ya ɓata wa mutum rai ya faɗo hannunsa, ba za a rasa Abishai mai zuga ba. Ya kamata iyaye su koya wa yaro kalmomin nan biyu, su kuma gaya masa abin da Dawuda ya yi da mashin Saul.