Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, akwai wani dattijo mai shekara 58, manomin doya kuma falkenta, wanda ya yi shekara 9 yana tara kuɗin kujerar Makka. Kowace kaka, idan ya loda doya da riɗi a mota aka nufi Kano ko Ikko, sai ya ware wani abu ya ajiye, ko iyalinsa ba su san adadinsa ba. Da kuɗi suka cika aka rubuta sunansa cikin maniyyatan 2025, sai mutanen unguwa suka shiga kiransa Alhaji tun bai ga jirgi ba. Yana cikin wannan farin ciki aka yi shela cewa kowane maniyyaci ya hallara ranar kaza don gwajin lafiya da allurar rigakafi. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsa.

Dalilinsa biyu ne. Na farko abin dariya ne, shi da kansa ya sani. Mutumin da ya sha kashe kububuwa a gona, ya sha kwana a hanyar Makurɗi cikin motar da ta lalace, shi ne in ya ga tsinin allura sai gumi ya karyo masa. Rabonsa da ita tun lambar agana da aka yi masa yana goye, wadda tabonta ke damtsensa har yau. Dalili na biyu kuwa ya fi nauyi. Shekara 2 da suka wuce wani malamin asibiti ya gaya masa yana da hawan jini, ya rubuta masa ƙwayoyi. Ya sha na wata guda, da ya ji ciwon kai ya lafa sai ya jefa sauran a ƙarƙashin katifa. Yanzu tsoronsa kada a auna shi a ce bai isa tafiya ba, wahalar shekara 9 ta tashi a banza.

Ran nan yana zaune a tasha yana jiran motar kaya, sai wani saurayi mai tsabtar riga ya matso kusa da shi, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Alhaji, ai manya irinku ba sa bin layi. Ka kawo hotonka da ɗan abin goro, jibi in kawo maka katin nan mai ruwan ɗorawa da hatiminsa da sa hannun likita. Babu allura, babu gwaji." Dattijo bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya karɓi lambar wayar saurayin, ya sa a aljihu, ya koma gida yana jin ta kamar garwashi.

Da dare ya yi, abin da ya faɗo masa a rai shi ne mahaifinsa. A 1996, lokacin Lafiya tana cikin Jihar Filato, domin sai ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, tsohon ya biya kujera, ya ɗinka jakarsa, ya bi dangi gida gida ya nemi gafara. A bazarar ce annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe fiye da 11,000. Hukumomin Saudiyya suka rufe wa maniyyatan Nijeriya ƙofa. Tsohon ya kwance kayansa bai ce uffan ba, sai dai ya rataye jakar a bangon ɗakinsa, ya ce baɗi in Allah ya so. Kafin baɗin ta zo Allah ya karɓi abinsa. Ɗan ya daɗe yana jin haushin wannan hukunci, yana ganin an zalunci mahaifinsa, tun da shi lafiyarsa lau. A wannan dare ne ya fara tambayar kansa, in shi ne mai masaukin baƙi miliyan 2, yaya zai bambance mai lafiya da mai ɗauke da cuta, in ba da wata shaida da za a amince da ita ba?

Da gari ya waye, babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya, ta zo gaishe shi. Tana share ɗakin ta ci karo da ƙwayoyin nan a ƙarƙashin katifa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, wannan fa?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ya kwashe labari duka ya gaya mata, har da na saurayin tasha. Ya ƙara da cewa shi bai ga abin tsoro a shawara ba, ciwon da tun kaka da kakanni ake jiƙa saiwar rawaya a sha a warke.

Ta ce, "Baba, ka yi mini haƙuri in yi magana. Sunan ne ya zo ɗaya." Ta bayyana masa cewa ido yakan yi ɗorawa saboda cututtuka iri iri, amma zazzaɓin shawara da ake yi wa allura wata ƙwayar cuta ce da wani irin sauro mai cizon rana ke ɗaukowa daga jikin biri ko mutum ya kai wa wani. Bayan kwana 3 zuwa 6 da cizo zazzaɓi ya taso. Yawancin mutane sukan farfaɗo, amma akwai waɗanda ciwon kan komo musu ya kama hanta da ƙoda, su yi ta aman jini, kuma wajen rabin waɗannan ba sa tashi. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai a yi ta tallafar majinyaci. Da ta ambaci Oju ta Jihar Binuwai, inda aka ƙiyasta cutar ta kashe fiye da mutum 5,000 a 1986, sai dattijo ya yi shiru, domin yana saurayi a lokacin, kuma bai manta yadda fataken doya suka daina bin wannan hanya ba. Ta tuna masa kuma cewa cutar ta sake ɓulla a Jihar Kwara a 2017, ta taɓa yankin Alkaleri na Jihar Bauci a 2019, watau ba labarin da ba ne.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne da ta ce babu zazzaɓin shawara a Makka. Ya ce, "To, in babu, me zan je in ɗauko?" Ta ce, "Ai Baba, kai ake tsoron ka kai musu." Sauron da ke yaɗa cutar yana nan a Jidda da Makka, shi ne ma ke yaɗa musu zazzaɓin dengi. Idan mutum guda ya sauka da ƙwayar a jininsa, sauron can ya cije shi, sa'an nan ya ciji alhajin Indonisiya ko na Pakistan, waɗanda ƙasashensu ba su taɓa sanin cutar ba, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Haka kuma sanƙarau, mutum yana iya ɗauke da ƙwayarsa a maƙogwaro yana yawo garau, ya yi tari cikin tanti ya ba na kusa da shi. Abin ya faru a hajin 1987, daga nan Saudiyya ta wajabta allurarsa. Ya sake faruwa a 2000 da 2001 da wani launin ƙwayar dabam, alhazai suka koma da shi ƙasashensu, saboda haka aka koma ga allurar da ke tare launi 4 a haɗe.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai bayan sallar la'asar ya tsaya wurin limamin unguwarsu, abokinsa tun suna makarantar allo. Ya ce, "Malam, wanda Allah ya kira ɗakinsa, ashe sai ya tsaya neman izinin allura?" Liman ya yi murmushi, ya ba shi labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yadda ya kama hanyar Sham, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg aka tarye shi da labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina, ya kuma nuna wa masu ganin an guje wa ƙaddara cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wannan ita ce annobar Amwas ta wajen shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ta ɗauki Abu Ubaida da sahabbai da yawa. Sa'an nan liman ya dube shi ya ce, "Ka tara halalinka shekara 9, ba ka yarda ka tauye mudu ba ko sau ɗaya. Yanzu a bakin ƙofa za ka shiga da takardar ƙarya?" Dattijo ya sunkuyar da kai. Kafin ya isa gida ya yayyage takardar da lambar saurayin take ciki.

Ko da ma ya sayi katin, ba lalle ya ƙetare da shi ba. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta komo da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgin Johannesbag bisa zargin katinsu na jabu ne, har abin ya zama rikici tsakanin ƙasashen biyu kafin a ba Nijeriya haƙuri. Tun 2019 kuma katin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke bayarwa yana da wata alama da ake haskawa da na'ura, nan take a ga ko sunan mai shi yana cikin rajista.

Ranar gwaji ya yi asubanci, 'yarsa na biye da shi riƙe da ledar ƙwayoyi. Likita ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya duba, ya ce, "Baba, jininka ya hau ƙwarai." Gaban dattijo ya faɗi. Likita ya ce hawan jini da aka kama linzaminsa ba ya hana aikin haji, wanda aka ɓoye shi ne ke kayar da mutum a Mina. Ya tuna masa cewa a hajin 2024 zafi ya kai awo 51.8 a Makka, mutum 1,301 suka rasu. Ya sabunta masa magani, ya ce ya dawo bayan mako 2 a sake aunawa. Ya umarce shi ya tafi da ƙwayoyin da za su ishe shi har dawowa, cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu. Ya riƙa shan ruwa tun bai ji ƙishi ba, ya riƙe lema, ya tanadi garin gishiri da sukari saboda gudawa, ya sa takunkumi cikin cunkoso, kada ya yarda a yi masa aski da rezar da aka yi wa wani, kada kuma ya sha ɗanyen nonon raƙumi, saboda wata cutar numfashi da aka gano a can a 2012. Ya ce tun yanzu ya fara tafiyar ƙasa kullum da sanyin safiya cikin takalmin da zai tafi da shi.

Daga nan aka wuce ɗakin allura. Ma'aikaciyar ta tambaye shi ko cin ƙwai yana tayar masa da ƙuraje ko shaƙewa, domin cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar allurar shawara. Ta tambayi shekarunsa, domin wanda ya haura 60 sai likita ya auna amfani da haɗari kafin a yi masa ta farko. Ta ce shi ya sa ake kiran mutane da wuri, allurar shawara da ta sanƙarau duka sai sun kwana 10 a jiki kafin shaidarsu ta karɓu, gama jiki yana bukatar kwanakin nan ya haɗa garkuwarsa. Dattijo ya rufe ido yana salati. Kafin ya kai ƙarshe ta ce an gama. Aka ɗiga masa maganin shan-inna a baki kamar jariri, har ya yi dariya. Ta miƙa masa katin ta ce ya adana shi kamar fasfo, domin tun ranar 11 ga Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shaidar allurar shawara ta har abada, a maimakon shekara 10 da take yi a da.

A hanyar gida 'yar ta ba shi wani labari da ya yi ta maimaita wa mutane daga baya. Ƙwayar da aka yi wannan allura da ita daga jinin wani mutumin Gana aka samo ta a 1927, sunansa Asibi, wanda ya kamu ya kuma warke. Masu binciken a Yaba ta Ikko suka kafa sansaninsu, ɗaya daga cikinsu ma, Adrian Stokes, cutar ce ta kashe shi a Ikko a wannan shekara. Sai a 1937 Max Theiler ya yi nasarar raunana ƙwayar a Amurka har ta zama rigakafi. Dattijo ya shafa damtsensa ya ce ashe abin ma na gida ne ya zaga duniya ya dawo. Ya tuna kakansa da ya tafi Makka a ƙasa ta Barno da Cadi da Sudan, wanda yakan ba da labarin yadda aka tsare su a Sawakin, bakin Bahar Maliya, aka yi musu lamba kafin a bar su su hau jirgin ruwa. Ya tuna kuma agana, wadda ta makantar da mutane ta ɓata fuskoki a ƙuruciyar iyayensa, yau ga jikokinsa ko sunanta ba su sani ba, tun da aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980.

Damtsen ya yi masa tsami kwana 2, ya ɗan ji zazzaɓi dare ɗaya, ya wuce. Da ya koma bayan mako 2 jinin ya sauka, likita ya sa hannu. Tun daga ranar, duk wanda ya fita sallar asuba a unguwar yakan gan shi bayan an idar, ya kama hanyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa da sauri cikin sabon takalmi, yana jan wasu maniyyata biyu da ya lallasa suka je aka yi musu tasu allurar.

Ranar tashi ya shiga ɗakin mahaifinsa, ya sauko da jakar nan da ta yi shekara 29 a rataye, ya kakkaɓe ta. Ya sa ƙwayoyinsa da fasfo da katin a ciki, ya rataya a wuya. Da mota ta kama hanyar Akwanga, 'yarsa ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, ƙwaya ɗaya kullum da safe." Ya ce, "Na ji, Allah ya yi miki albarka." Allah ya kai maniyyata lafiya, ya dawo da su lafiya, amin.